Wata Majiya Daga Wagini

Litinin 4 ga Agusta, bayan la'asar

Yau da safe an sa labarinmu a rediyo. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da rediyon don kada muryar ta ɓace, na ji mai karanta labarai tana cewa: “Wata majiya ta shaida wa wakilinmu Uwaisu Safana cewa mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya ne ke kwana a azuzuwan firamare a Wagini.” Sau uku aka ambaci sunan Uwaisu, na ƙirga. Majiyar nan kuwa ni ne, Malam Sharfaddeen na aji biyar, ni na bi aji-aji da rajista ina rubuta sunan kowa tun ranar Asabar ɗin da mutanen ƙauyukan yamma suka shigo mana da ƙullin kaya a ka. Abin da ya koro su ba zan rubuta a nan ba, littafi yana iya faɗawa hannun kowa. Mun dai gode Allah da abin ya zo cikin hutu, azuzuwa babu yara.

Ni da Uwaisu ajinmu ɗaya a kwaleji. Littafina yake ara ya kwafa, har kuskurena yake kwafewa. Yanzu yana zaune a Safana, ya ɗaga waya ya kira ni, ni in shiga ruwa in shiga taɓo, shi kuma a kira sunansa har da na garinsu. Rabonsa da Wagini tun ƙaramar Sallah.

Ba komai. Ni ba don suna nake yi ba.

Talata 5 ga Agusta, da hantsi

Sun maimaita labarin. Sau biyu yau.

Laraba 6 ga Agusta, bayan azahar

Na kasa haƙuri na tambayi Uwaisu me ya sa kullum ni “wata majiya” ne, sai ka ce ba a yanka mini rago ba. Ya ce kalmar ba raini ba ce, aiki take yi. In mutum ɗaya ya gaya masa abu kuma ya yarda da shi, sai ya ce wata majiya. In mutumin ya gani da idonsa ko yana da takarda a hannu, ya ce majiya mai tushe. In mutum biyu da ba su san juna ba suka faɗi abu ɗaya, to majiyoyi ke nan. Na ce to ni da na ƙirga da idona, ga rajista a hannu, wa ya cinye mini tushen? Ya yi dariyar nan tasa mai ban haushi, ya ce edita ne ya rage don lokaci. Sannan ya ce, “Sharfu, ka bar ni in sakaya ka. Ni ina Safana, kai kana bakin daji.”

Wato shi ne mai hankali, ni ne yaro.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a labaran rana an ce “wata majiya ta kusa da hukuma” ta ce mutanen ba su wuce arba'in ba. Wani mai kujera da fanka a kansa, ko ƙofar makarantar bai sani ba, amma kalma ɗaya aka yafa mana ni da shi. Mai saurare a Katsina ta ina zai gane wanda ya jiƙe da ruwan sama a cikinmu?

Alhamis 7 ga Agusta, bayan magariba

Na dawo daga kasuwar Batsari na tarar da babbar mota a filin makaranta: masara, tabarmi, gidan sauro. Da rajistata aka yi rabon, kuma ɗari biyu da sha ɗayan nan suka fito cif. Wallahi na ji daɗi, har ƙwalla ta zo mini da na ga wata tsohuwa ta rungume tabarma.

Daga nan na wuce shagon Armaya'u in karɓi wayata. Armaya'u shi ne mai cajin waya na kusa da masallacin Juma'a, farantin sola biyu a kan kwano, benci ɗaya, baki kuwa ba ya hutawa. Ko firamare bai gama ba. Na tarar an cika ana gardamar wace ce majiyar da ta jawo mana motar nan. Wani ya ce ma'aikacin asibiti ne, wani ya ce ɗan Maigari. Ina tsaye a gefe ina jira wani ya tuna cewa akwai mai rajista a garin. Sai Mani ɗan kabu-kabu ya ce, “Ku mi kuke wahalar da kanku? Wa ke jin maganar garin ga kaf in ba Armaya'u ba?”

Armaya'u ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, sannan ya fashe da dariya ya ce su dai su je su yi tuwo da masararsu. Bai ce i ba. Amma fa bai ce a'a ba.

Juma'a 8 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

An fito masallaci mutane na miƙa wa Armaya'u hannu biyu-biyu. Har Liman ya tsaya ya dafa kafaɗarsa. Ni aka ce mini, “Malam, ya hutu?”

Lahadi 10 ga Agusta, da yamma

Sunan ya bi shi. Yanzu ba a cewa za ni shagon Armaya'u, sai za ni wajen Majiya. Tsohuwar nan mai tabarma ta kai masa ƙwan zabi guda shida a ƙoƙo, a gabana ya karɓa, ya ce Allah ya ba da lada, ya aika wa Kaka, kakarsa da yake riƙo. Ko kunya bai ji ba.

Na dawo gida Naja'atu tana zaune ta miƙe ƙafafu, cikin ya yi mata nauyi, wata na takwas ke nan. Ta ce, “Malam, ka ji abin da bawan Allah wanga ya yi ma gari? Allah shi yi mashi albarka.” Matata, a gidana, a kan tabarmata. Ban gaya mata ba tun farko don Uwaisu ya ce ko ita kada ta sani, yanzu kuma in na faɗa sai ta ɗauka ina son in raɓi abin wani. Na ce mata miyar ta yi gishiri, alhali ba ta yi ba.

Ba hassada nake yi ba. Gaskiya ce kawai nake so ta zauna inda ya kamata.

Litinin 11 ga Agusta, da safe

Wani abu da na daɗe ina lura da shi. Kowa ya kawo waya, Armaya'u zai manna mata lamba ya jera ta a kan allo inda kowa ke gani. Tawa kuwa, tun kwanakin baya, sai ya jefa ta cikin wani tsohon akwatin katako a ƙarƙashin teburi, inda yake tara matattun caja. Yau na ce masa tawa ba ta kai a jera ta da na mutane ba ne? Ya ce, “Malam, taka ta manya ce, ƙura nake tsare mata.” Aka yi dariya. Gilashinta ya tsage tun bara, kowa ya sani, ba'a ce yake mini.

Talata 12 ga Agusta, bayan la'asar

Wani dattijo cikin masu kwana a aji uku ya gaya mini abin da ba kowa ya sani ba: inda waɗancan mutanen na daji ke tara mazan ƙauyuka su yi musu noma dole, da ranakun da ake zuwa. Ya faɗa mini ne don ya rage abin da ke ransa. Ni kuma na hau tudun bayan makaranta inda ba wanda zai ji ni, na kira Uwaisu. Zan faɗi gaskiya a nan tunda ba mai gani: ina so a taimaki mutanen, wannan haka yake. Amma ina kuma so a fitar da labarin da za a ji a ce a'a, wannan ya fi ƙarfin mai cajin waya, sai mai ilimi.

Uwaisu ya ce wannan da nauyi, ba zai sa ba sai ya sami mutum na biyu. Na ce shekara nawa ka taɓa kama ni da ƙarya?

Alhamis 14 ga Agusta, bayan magariba

An sa. “Majiyoyi sun tabbatar.” Wato ya sami wani. Duk yinin yau ina tunanin wane ne wannan na biyun, ko shi ma ajinsu ɗaya, ko shi yake fara kira kafin ni. Dubi inda na kai kaina, ina ƙyashin mutumin da ko sunansa ban sani ba.

A Wagini kuwa cewa ake Majiya ya sake yi. Duk wahalar tawa ta ƙara masa tsawo.

Na je kasuwa. Na yi wata 'yar magana a wajen mai shayi. Ba wani abu ba ne.

Asabar 16 ga Agusta, da azahar

Motocin jami'an tsaro sun wuce yamma tun da sassafe. Mun ji abin da muka ji. Ba wanda ya je gona.

Lahadi 17 ga Agusta, bayan la'asar

An aiko wa Maigari saƙo daga can daji. Ba a karanta shi a fili ba, amma kafin la'asar kowa ya san abin da ke ciki: suna son sanin mai magana da rediyo. Benci a shagon Armaya'u yau ba kowa. Masu miƙa hannu biyu suna aiko da waya ta hannun wani, ko su ajiye su juya da sauri. Shi kuwa yana nan yana zuba surutunsa shi kaɗai. Da na je karɓar tawa ya fito da ita daga akwati, ya goge ta da gefen rigarsa ya ba ni, ya tambayi jikin Naja'atu.

Na kasa cin abinci. Na ce mata zazzaɓi ne.

Litinin 18 ga Agusta, da safe

Ba ni na fara faɗa ba. Mani ne ya fara, tun ranar masara.

Talata 19 ga Agusta, da hantsi

Armaya'u ya tafi. An ce an kira shi a waya jiya, aka ambaci sunansa da sunan da gari ya sa masa, aka kwatanta masa ƙofar ɗakin Kaka. Ana idar da asuba Mani ya ɗauke su shi da Kaka zuwa Batsari, daga can suka hau mota zuwa Safana wajen yayarsa. Ya bar shago a kulle, ya bar gonar wakensa da ya gama nomewa makon jiya. Wayoyin mutane ya ba Mani ya raba gida-gida. Tawa ta zo daban, a ƙulle cikin leda baƙa.

Naja'atu ta yi kuka. Ta ce mutum ya tsaya ma gari, gari ya kasa tsaya masa. Na fita na bar mata gidan.

Laraba 20 ga Agusta, bayan azahar

Bari in rubuta, ko na sami barci.

Ranar Alhamis a wajen mai shayi a kasuwar Batsari, benci cike da mutane, har da fuskokin da ban sani ba, wani ya ce, Malam, kai ɗan Wagini ne, wai wa ke ba rediyo labarinku? Da na yi shiru da shi ke nan. Amma haushi ya cika ni tun safe, sai na ce, da murya mai ƙarfi kuma, “Ai kowa ya sani, Armaya'u mai caji ne. Ku je ku gaishe shi, shi ne gwanin gari.” Gatse na yi. Ina so wani ya ce haba, wannan ina ya iya. Ba wanda ya ce. Wani mai rawani a ƙarshen benci ya maimaita sunan a hankali, ya ajiye kofinsa ya tashi.

Ban san ko shi ne ba. Wataƙila mai sayen awaki ne kawai. Mutum ɗari sun faɗi sunan nan kafin ni. Amma su sun faɗa ne don sun yarda haka ne, ni kuwa na san ba haka ba ne.

Alhamis 21 ga Agusta, da yamma

Ban je kasuwa ba. Uwaisu ya kira sau huɗu, ban ɗaga ba.

Asabar 23 ga Agusta, bayan magariba

Na je Safana. Na sami gidan yayar tasa a bayan tasha. Armaya'u na zaune a zaure yana gyara wa wani fitila, ya rame cikin kwana huɗu, amma bakin na nan. Muka gaisa, na tambayi Kaka, ya ce tana ciki tana faɗa da kowa don an raba ta da kajinta. Na shirya magana tun daga Wagini, har na jera ta kamar darasi, amma kafin in buɗe baki ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayata. Ya latsa ya juyo mini da ita.

“Malam, don Allah ka canza wanga suna.”

Uwaisu Rediyo. Haka na sa lambar, da manyan baƙaƙe, tun ranar da aka ɗauke shi aiki, don in wani ya gani ya san ina da mutum a can. Ya ce kullum na bar wayar a shago sai ta yi ta haske da sunan nan, wani lokaci sau biyar kafin azahar, ga allo a buɗe, ga mutane iri-iri na shigowa. Karatunsa bai yi nisa ba, amma ya iya haɗa wannan. Tun ranar da ya fara gani ya koma sa ta a akwati.

Na ce to me ya sa bai musa ba da Mani ya laƙa masa? Ya ce da ya musa da an ci gaba da nema, kuma garin ba shi da girma, mai rajista guda ne. Ya ce shi ba mata ba ɗa, Kaka ce kaɗai, ita kuwa ana iya ɗora ta a babur. “Kai ina za ka da mai ciki wata takwas?” Sannan ya yi dariya ya ce kada in mai da shi waliyyi, ya ji daɗin abin ƙwarai, tunda aka haife shi Liman bai taɓa dafa shi ba, ga ƙwan zabi.

Na gaya masa abin da na faɗa a wajen mai shayi. Ya ce ya sani, Mani na bayan bencin. Bai ɗago ba, yana ta murɗa fitilar. Can ya ce, “Wannan kam ta yi mani zafi, Malam.” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce zan koma in tsaya a ƙofar masallaci in ce ni ne. Ya ce in na yi haka gida biyu za a rufe maimakon ɗaya, su waɗancan ba sa goge suna in sun riga sun rubuta, kuma mutanen makaranta su rasa mai ƙirga su. Ya laluba aljihu ya ba ni makullin shago. Ya ce batiran za su mutu in ba a amfani da su, mutane kuma na buƙatar caji, tunda ina hutu in riƙe masa.

A mota ina dawowa na duba zuciyata, na tarar har yanzu ƙyashinsa nake ji, ya ma fi na da. Kusan mako uku mutumin nan da ake ce wa sarkin surutu ya riƙe magana a cikinsa, ni da takardar kwaleji na kasa riƙe ta yini ɗaya a kasuwa.

Lahadi 24 ga Agusta, da hantsi

Na kira Uwaisu na gaya masa duka. Ya ce zai yi magana da edita. Daga baya ya ce edita ya yarda daga yanzu a riƙa cewa majiya mai tushe in labarin nawa ne. Na ce ya bar tushen, ya ce wata majiya kawai, kuma ya daina cewa daga Wagini.

Na canza sunan. Yanzu Mai Taki ne.

Talata 26 ga Agusta, bayan la'asar

Kwana biyu ke nan ina buɗe shago. Na koyi manna lamba, na koyi goge farantin sola da tsumma. Mutane sun fara dawowa kaɗan-kaɗan, ba sa zama a benci tukuna. Na ji Mani yana gaya wa wani a waje cewa Malam Sharfaddeen ne yaron shagon Majiya yanzu. Naja'atu ta ce ba ta taɓa jin daɗin wani abu da na yi kamar wannan ba, wai na san darajar mutanen kirki. Na ce mata to.

Ɗazu tsohuwar nan mai tabarma ta zo da ƙoƙonta, ƙwai huɗu a ciki. Ta leƙa ta ga ni ne, fara'arta ta ɗauke. Ta ce, “Ɗan nan, yaushe Majiya za shi dawo?” A daidai lokacin wayata ta fara ruri a cikin akwati a ƙarƙashin teburi, ina jin katakon yana karkarwa a jikin ƙafata. Na ce mata ban sani ba, Inna, ni tsaron shago kawai nake yi. Ta ce to in aika masa da ƙwan, kada in taɓa ko ɗaya, ba nawa ba ne. Na ce in sha Allahu.

Na jira sai da ta sha kwana sannan na buɗe akwatin.